Kujerar Gyara

Harstad, farkon Fabrairu

Zuwa ga ƙanena Eilif,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwarka ta yi sauƙi, ruwan saman Bergen kuma bai tafi da kai ba. Kada ka bugo ka ce me ya sa na rubuto. Na'urar kunnena fito take yi da zarar na kara waya, kai kuma magana kake kamar da dankali a bakinka.

To malamin maki, yau ranarka ce. Katin bashin nan da ka matsa min na karɓa, ina cewa ni ba na cin bashi, kana cewa in riƙa biya duk ƙarshen wata in bar maki su taru, ya yi rana. Shekara biyu ke nan komai da shi nake saye. Kofin da mawaƙan coci ke sha ni ce mai saye, abincin karen ƙawata Magnhild ma ni ce. Da maƙwabcina Oddvar zai sake rufin gidansa, a ƙofa na tsaya masa har ya yarda na biya da katina ya mayar min. Yanzu kallon mai taɓin hankali ake min a unguwa, ko a jikina.

Banki ya aiko cewa makina sun isa tikitin doguwar tafiya, zuwa da dawowa, sun kuma yi min gyara da kujera ta biyu kyauta. Na surukata Liezel ne da jikata Tuva. Mahaifiyar Liezel can ƙasarsu, a garin Iloilo, idonta yana mutuwa, likita ya ce kafin ƙarshen shekara sai duhu. Tuva shekararta bakwai, matar nan ba ta taɓa ganinta ba sai a waya. Tun da teku ta ci ɗana Sindre, matarsa ba ta huta ba, daga gidan tsofaffi inda take aiki sai gida. Abin da ta tara na tikiti ɗaya ne, ta kuma ce ba ta zuwa ko'ina ta bar 'yarta.

Kai ka iya kwamfuta. Ka kama musu kujeru a dogon hutun makaranta. Ban faɗa mata ba tukuna.

Yayarka,
Gunvor

Bergen, tsakiyar Fabrairu

Yaya Gunvor,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa tana nan yadda kika san ta. Na yi dariya a kan rufin Oddvar har shayi ya sarƙe ni.

Sai dai ba ki karanta takardar har ƙasa ba, halinki ne. Kujerar gyara ba a ba da ita kyauta ga wani. Ta wanda zai zauna kusa da mai katin ce, jirgi ɗaya, rana ɗaya. Mai katin kuwa ke ce. Na buga musu waya, na yi lallashi, na yi faɗa, yarinyar da ta ɗauka ta ce doka ce. Abin da zai yiwu shi ne Liezel ta sayi nata da abin da ta tara, Tuva ta zauna a kujerar gyara, ke ki zauna a ta maki. Na san abin da za ki ce. Shekara saba'in da huɗu ba ki taɓa hawa jirgin sama ba, ko bikin 'yata jirgin ruwa kika biyo kika iso ana share tebur.

Akwai wata hanya. Ki kashe makin a kan tikitin Tuva kawai, gyaran ya bi ruwa, su tafi su biyu ke ki zauna gida. Ba wanda zai ga laifinki.

Amma tun da ba ni a gabanki balle ki jefe ni da cokali, bari in faɗi wadda ta fi damuna. Liezel ba ta da kowa a nan sai ke. Can kuwa uwarta ce ke makancewa. Kin tabbata idan suka je za su dawo? Tuva ce kaɗai abin da Sindre ya bar miki, Yaya. Ina tsoron da kanki kike sayen tikitin rabuwa da ita.

Ki yi tunani kafin ki amsa.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Eilif

Harstad, Maris

Eilif,

Gaisuwa. Da kana kusa, da cokalin ya same ka.

Kana tsammani ban yi wannan tunanin ba? Tun ranar da na biya kuɗin rufin Oddvar nake yin sa. Duk ranar Laraba yarinyar nan a gidana take yini bayan makaranta, ta zauna a kujerar ubanta, tana cizon leɓe yadda yake yi in yana zane. Ina tsoro, na faɗa maka gaskiya, ina tsoro ƙwarai. Amma akwai wata tsohuwa irina da ba ta taɓa jin nauyin yarinyar nan a cinyarta ba. Ni na samu shekara bakwai. Ba zan zauna a kansu kamar kaza a kan ƙwai ba.

Shawararka ta in zauna gida kuwa, a'a. In bar wa banki kujera kyauta bayan duk abincin karen da na saya? Kuma in za a raba ni da jikata, gara a raba mu ina tsaye a wurin.

Oddvar ya kai ni filin jirgi na Evenes mu ga yadda suke tashi. Na ce masa, "Wannan ƙaton ƙarfen me ke riƙe shi?" Ya ce, "Abin da ke riƙe bakinki, Gunvor, iska." Ban yi masa magana ba har muka dawo.

Jiya na soya wainar wafil, na yanka cuku, na faɗa wa Liezel. Ta ajiye kofinta ta ce, "Mama, ke da ko tsani ba kya hawa?" Na ce ai ba tsani za mu hau ba. Sai ta rufe fuska da hannu biyu. Tuva ta ce, "Kaka, in kin ji tsoro ki riƙe ni, ni na gani a talabijin."

Ka kama kujerun. Tawa kada ta zama ta gefen taga.

Yayarka,
Gunvor

Iloilo, Yuli

Zuwa ga Kawu Eilif,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina kuma godiya da wahalar da ka sha a kan tikitinmu. Mun iso lafiya. Mama ba ta buɗe ido ba sai da muka wuce gajimare, hannun Tuva kuwa har ya yi ja don riƙon da ta yi masa. Da aka kawo abinci ta tambayi ma'aikaciyar ko ana biya da kati, aka ce kyauta ne, ta ce to asarar maki ke nan.

Nanay, mahaifiyata, inuwa kawai take gani yanzu. Ta jawo Tuva bakin ƙofa inda haske ya fi, ta kusanto da fuskarta har hancinsu ya haɗu, ta daɗe a haka. Ta ce, "Gashin nan na wa?" Mama ba ta jin yarenmu, amma ta kama hannun Nanay ta ɗora a kan nata gashin. Yanzu kullum suna zaune tare suna ɓare mangwaro, kowa na magana da yarenta, suna ta dariya. Mama ta ce shinkafa da safe zalunci ne, amma tana cinyewa.

Kawu, ga abin da ya sa na rubuto. Ƙanwata da ke kula da Nanay ta samu aiki a Manila. Ba wanda zai zauna da ita. Ina so in zauna shekara guda, ko fiye, Tuva ta shiga makaranta a nan. Wurin aikina sun yarda. Mama ce ban iya faɗa wa ba. Matar da ta rufe ido ta ƙetare duniya saboda mu, da wane baki zan ce mata ta koma ita kaɗai? In ta ce a'a, wallahi zan biyo ta. Ka gaya min yadda zan yi.

'Yarka,
Liezel

Iloilo, ƙarshen Yuli

Ƙanena,

Gaisuwa daga ƙasar zafi. Amsar da ka aiko wa Liezel ta makara. Kwana da kwanaki tana zagaye ni kamar mai neman aron tukunya, har na gaji na ce, "'Yata, zauna da uwarki. Tuva ma ta zauna." Ta durƙusa ta sa kanta a cinyata. Na yi ƙarfin hali har ta tashi, sannan na shiga bayan gida na yi kukana.

Tuva ta ce za ta riƙa rubuto min wasiƙa tun da ba na jin waya. Ta damu da wanda zan riƙe a jirgi. Na ce mata na girma.

Ranar Asabar zan sauka a Bergen, ni kaɗai. Ka zo ka tarye ni. Kada ka ce ai ka faɗa, kada ka ce komai. Ka dai tsaya inda zan gan ka da zarar na fito.

Yayarka,
Gunvor