Askin Baba

Yaya,

Na wuce aiki. Ban tashe ka ba, na ga barcinka ya yi nauyi.

Jiya tun la'asar Baba ya sa na fito masa da kujera tsakar gida, na ɗaura masa tawul a wuya, na ajiye reza da ruwan ɗumi. Ya ce ka yi masa alkawarin aski in ka taso daga ofis. Ruwan ya huce, na sake ɗumamawa. Wanzami ya leƙo, na roƙi Baba ya bari a yi masa, sai ya ɗaga hannun da bai shanye ba ya ce, "A'a, babban ɗana yana hanya." Da aka kira magariba ya ce in kwance tawul ɗin, wai dama gashin bai dame shi ba. Ko abinci bai taɓa ba.

Na san amsarka, taro ne ya riƙe ka. Ni ma ina da shugaba a wurin aiki, Yaya, kuma kullum sai na sha faɗan makara saboda na tsaya ba Baba abinci a baki.

Rezar tana kan taga. Ka yi masa askin kafin ka taɓa wayarka. In kuma yau ma ba hali, ka shiga ka faɗa masa da bakinka. Ni na daina ƙirƙiro maka uzuri. Jiya da na fara, cewa ya yi, "Bari, Auta, kada ki yi ƙarya saboda shi."

Ƙanwarka