Reshe Uku a Gwangwanin Madara

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan. Mu nan kowa ƙalau, sai Autarmu da mura ta ɗan taɓa. To, ki gyara zama, domin ina ɗauke da sanarwa mai nauyi: an kammala gagarumin aikin ceto rosmarin Mama, kuma sakamako ya fito.

Kin dai san ta, shukar nan mai ƙamshi ta bakin taga da Mama ke tsinka tana jefawa a shayi. Tun rasuwarta gindin ya fara bushewa, ke kuma kika rubuto cewa in muka bari irin ya ɓace ba za ki yafe mana ba. Ni da na karance littafi biyu a kan shuke-shuke na ɗauki nauyin aikin. Sai ga mijin Auta, wanda ake kira Injiniya don kawai yana gyaran fanka, ya iso da almakashin matarsa, wai a ba shi reshe uku shi ma ya gwada. Na ba shi, don kada a ce na hana suruki abin wasa.

Yaya, da kin ga aikin. Ya yanki ɗanyun rassa tsawon yatsa, ya fige ganyen ƙasa kamar mai figar kaza, ya huda gindin gwangwanayen madara da ƙusa, ya cika su da yashin gini. Yashi fa, babu taki ko ƙwaya! Ya soka, ya yayyafa ruwa, ya kifa leda, ya tura inuwa, ya kama gabansa. Da na tambaye shi wane littafi ya ce haka, sai ya ce Mama ya gani tana yi ranar da ya zo duba mata fanka, har ta ce masa rosmari ba ta son a dame ta. Ki ji shaidar malami! Mutumin da ko takardar magani sai Auta ta karanta masa.

Ni kuwa na sayo tukwane takwas masu fenti, na cika su da baƙar ƙasa da taki, na soka reshe ɗaya a kowace. Ruwa safe da yamma, ba fashi. Kullum kuma sai na zaro rassan ɗaya bayan ɗaya na duba ko saiwa ta fito, kamar yadda ya dace da mai bincike.

Sati biyar ke nan. Tsohuwar shukar ta ƙarasa bushewa. Nawa takwas sun yi baƙi daga ƙasa, suna wari. Jiya Injiniya ya ɗaga gwangwanayensa, sai ga fararen saiwoyi suna leƙowa ta hudar ƙusa, duka ukun. Ya juye ɗaya a hankali, da yashinsa, ya dasa a tukunyar Mama, ya mayar bakin taga. Ɗaya ya ce naki ne sai kin zo. Ko dariya bai yi mini ba, sai ma ya tambaye ni ko fankata na ƙara. Wannan ya fi mini ciwo.

Ki gaida maigidan, da takwarar Mama, da 'yan biyu. Auta da matata suna gaishe ki.

Irin Mama dai ya tsira, kuma ba a hannuna ba. Ni na dame ta. Kada ki gaya wa Injiniya na faɗa.

Naki,
Ƙaninki mai littattafai