Ni Zan Tura Keken Mama

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Mama? Da fatan Malam yana lafiya. Mu nan sai godiya.

Yaya, tun da aka yi mini dashen zuciya nake fargabar alkawarin da na yi wa Mama, cewa ni zan tura kekenta tsakanin Safa da Marwa. Kwanakin baya na makara zuwa motsa jiki a asibiti, sai na hau injin da ake tafiya a kansa a wuri ɗaya, na fara da gaggawa. Nan take numfashi ya gagare ni. Na ce shi ke nan, Umara ta wuce ni. Nas ta ce sabuwar zuciya ba ta jin kiran jiki da wuri, sai an fara a hankali an jira ta.

Yanzu lallaɓa ta nake yi. Kullum da safe nakan zaga unguwarmu ta McLeansville, in rubuta yadda na ji, ko da yake ban cika yarda da kaina ba. Ranar Asabar kuma Maman Amir kan ɗora buhun shinkafa a keken tura kaya na kanti, ina turawa tana cewa, "Baban Amir, kada ka kifar mana da Mama!"

Jiya aka gwada ni, likita ya ce zan iya. Sai da na sake tambayarsa ko ya tabbata.

A gaida kowa. A ci gaba da addu'a, har da wanda ya bar mini zuciyar nan. Ki ce wa Mama ta shirya, direbanta ya samu lasisi.

Ƙaninki,
Sani