Wa Zai Biya Hayar Rudu na Shida?

Zuwa ga Alhaji Bashiru, magajin marigayi Malam Ummaru, mai filin ajiyar albasa da ke bakin hanyar Jega, a Aliero.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da sabuwar motarka. Ni ne Garba Na-Katanga, ɗan hayarka, wanda ka kira mai warin albasa. Na rubuto maka a fili, na kuma sa a yaɗa a waya, saboda a fili ka yi mini. Sakandare na gama, ita ma da ƙyar, don haka in ka ga kuskuren rubutu ka gyara da biron jami'a. Maganar da ke ciki kuwa ba ta gyaruwa.

Na ɗaya. Wanga fili da kake ta nuna wa abokanka daga tagar mota, ka san yadda na same shi? Rami ne da juji. Da damina kwaɗi, da rani kashin yara. Mahaifinka, Allah ya ji ƙan shi, shi ya ce in ina iyawa in gyara in yi ajiya, mu riƙa shiryawa shekara shekara. Lokacin ban daɗe da barin dako a kasuwar Jega ba, wuyana bai gama miƙewa daga nauyin buhu ba. Da amalanke na cika ramin nan da burji. Ni na kafa dirkoki, na shimfiɗa kara, na yi rufin ciyawa, har rudu shida sunka tsaya. Rudu, in an manta da shi a birni, shi ne gadon karan da ake kwantar da albasa a kai, iska na ratsa ta, ta jira tsada. Kai a lokacin kana zuwa da gajeren wando kana roƙon in ba ka rake. Ban faɗa don gori ba. To, ko da gori ne, ai gaskiya ce.

Ban ce filin nawa ne ba. Naka ne, ka gada, babu mai ja. Amma abin da ya mai da shi abin sha'awa guminsa daga jikina ya fito.

Na biyu. Kowa a garin nan, har wanda bai taɓa shuka ko lawashi ba, ya san ana maganar haya ne kafin a kwantar da albasa. In ba a daidaita ba, kowa ya kama gabansa babu cuta. Da an kwantar da ita, an rufe, magana ta ƙare sai baɗi. Dalili kuwa albasa ba gero ba ce. Wadda ta kwanta ta yi laushi, in ka ɗaga ta ka zuba a buhu, ɓawo ya saluɓe, ta bugu, danshi ya shige ta, sai ruɓa, guda ta kama guda. Kana nan lokacin da ake shigo da kayana. Ka wuce, ka danna ham, ka ɗaga mini hannu. Ba ka ta da maganar haya ba. Sai da ruwan fari ya sauka, hanya ta jiƙe, sannan ka aiko direbanka ya ce haya ta tashi daga naira dubu ɗari da hamsin ta koma dubu ɗari shida, kuma kafin ƙarshen wata, ko in kwashe.

Da na ji haka ban ce ba ka sani ba. Ka sani sarai. Jira ka yi sai da ƙafata ta shiga, sannan ka ja igiya. Wanda ya koya maka wagga dabara ya iya, ka gaishe mini da shi.

Na uku. Duk da haka ban yi fushi ba, na wanke jiki, na sa riga mai kyau, na zo ƙofar gidanka. Ka bar ni kan benci kana waya, kana dariya da wani, har inuwa ta bar wurin. Da ka fito na ce na san kaya sun yi tsada, ƙari ba laifi ba ne, zan ninka maka abin da nake bayarwa. Ka ce ba ciniki ka zo yi ba. Na ce to ka bari in sayar, in biya bayan damina kamar yadda munka saba da Malam. Ka ce Malam ya tafi da sabonsa. Na roƙi liman ya yi maka magana, ka ce ya tsaya ga salla. Shugaban 'yan albasa ya zo, tsoho da sanda, ka ce masa ɗakunan ɗalibai za ka gina, su ba su wari, kuma iyayensu ba su neman ragi. A gaban mutanen majalisarka ka ce in na gaza, hanyar Maiyama a buɗe take, babu mai karɓar kuɗin ƙofa.

Duk wannan na haɗiye. Abu guda ne ya ƙi wucewa. Da munka yi sallama na ba ka hannu, ka karɓa, sannan ka zaro hankici ka goge tafinka, yatsa bayan yatsa, yaran nan naka suna ƙyaƙyata dariya. Alhaji, na ga wannan. Hannun nan da ka goge wa wari shi ya aurar da 'ya'yana, shi ya kai ni Makka kafin kai, ban gaji ko tsintsiya ba.

Na huɗu, kuma nan nake so ka gyara zama. Rudu shida ne a filinka, amma biyar ne nawa. Na shida, wanda ke gabas gindin tsamiya, na Inna Hajo ne, mahaifiyarka, da ke zaune tsohon gidanku na Jiga Birni.

Bayan ta fita takaba ta aiko ƙanwarta ta kira ni. Ta sayar da awakinta da 'yan kunnenta, ta ce in riƙa saya mata albasa da rani, lokacin arharta, ina ajiye mata tare da tawa. Tun daga nan, da ribar rudun nan take sayen maganin hawan jini, da shi take cefane, da shi ta gyara ɗakin da ke yoyo a kanta. Ban taɓa cire ko sisi na haya ko na aiki daga nata ba. Na tambaye ta, ina Bashiru? Ta ce Bashiru na da hidima da yawa, yana aiko da shinkafa da salla, har da mai ɗaukar hoto. Ta ce kada in bari ka ji, kada mutane su ce ɗanta ya gaza.

To yau mutane sun ji. Na san za ta yi kuka, na san za ta ce Garba ya tona ta. Ta yafe ko kada ta yafe, ba ni na fara ba. Shekara da shekaru ina rufa maka asirin da ba ka ma san kana da shi ba, kai kuwa ka rasa abin yi da ni sai hankici.

Na biyar. Ga abin da na yanke. Dubu ɗari shida ba zan biya ba. Ina da su, ka tambayi direbobin da ke ɗaukar mini kaya zuwa kudu, amma ba zan saye wulakanci da kuɗina ba. Na samu wuri a hanyar Maiyamar da ka nuna mini. Zan kwashe rudu biyar ɗina cikin ruwan nan, na san da yawa za ta ruɓe, na riga na yi mata ta'aziyya. Wanda ya fara da dako da gammo, asara ba ta yi masa baƙunta. Dirkokina da karana da zanata duk zan cire, burjin ne kawai zan bar maka, shi ma don ba ya kwasuwa.

Rudu na shida kuwa ba zan taɓa shi ba. In na ɗaga shi ya ruɓe, tsohuwa ba ta da wata akuyar da za ta sayar. Yana nan a filinka, da rufinsa. Amma daga ranar da na fita, ma'aikatana ba za su sake leƙa shi ba.

Don haka buƙatuna uku ne. Ka bar motoci su shiga su fita ba tare da maigadinka ya tsare su ba. Ka aika direbanka Jiga Birni ya gaya wa mai rudu na shida sabon farashi, kashi ɗaya cikin shida, kafin ƙarshen wata ko ta kwashe, kamar yadda ka yi mini, don adalci. In kuwa kunya ta hana ka, to na uku, ka kula da rudun da kanka, ka kuma sani albasa ba ta zama ita kaɗai. Kowane mako sai an ɗaga rufi, an zura hannu har gwiwa, an lalubo mai ruwa da mai tsiro an jefar, in ba haka ba kafin kaka sai dai a kwashe ta da shebur. Aikin na da wari, ba na ɓoye maka ba. Ka zo da hankici biyu.

Ina roƙon Allah ya ji ƙan Malam Ummaru, ya ba Inna Hajo lafiya da haƙuri. Kai kuma Allah ya ja kwananka, ya cika ɗakunanka da ɗalibai, ya ba ka tsufa mai tsawo, ya ba ka ɗa mai kula da kai daidai yadda kake kula da ita.

Wassalam.

Garba Na-Katanga,
tsohon ɗan hayarka.