Littafin da Na Ɗinka da Rigar Yayana

Anti Saude, don Allah ki taimake ni, kunya ta hana ni zuwa gida. Ni 'yar Babura ce, ina karatun zane a wata makaranta a Kazaure. Aikina haɗa littafi da hannu: in jiƙa tsoffin jaridu da ɓawon karan gero, in daka a turmi, in shanya ya zama takarda, in yi zane da lalle da gawayi, in liƙa ƙyalle ko rairayi, sannan in ɗinke.

Yayana Lauwali ya je haƙar zinare arewacin Nijar da abokinsa Muhammad Nur, ya dawo shi kaɗai. Ya faɗa wa mutane zazzaɓi ne ya kashe abokin a asibiti. Ni kaɗai ya gaya wa gaskiya, ranar da nake wanke masa rigar da ya dawo da ita. Motarsu ce ta mutu a sahara, ruwa ya ƙare, ƙishirwa ta kashe Muhammad Nur a kan cinyarsa, shi ya tona rairayi da hannu ya rufe shi. Yana faɗa yana kuka, ni kuwa ban taɓa ganin hawayen Yaya ba.

Da aka ba mu aikin ƙarshen shekara, labarin nan ya ƙi barin kaina. Na yanka rigar na yi bango da ita, na rubuta maganarsa a ciki yadda ya faɗa. Ban sa suna ba, na ɗauka hakan ya isa. Wallahi ban taɓa yin aiki mai kyau irinsa ba, malaminmu ya daɗe a tsaye yana buɗawa.

Ranar baje kolin ayyukanmu a makaranta wani ya ɗauki bidiyo shafi-shafi ya sa a waya. Kowa a unguwarmu ya san rigar nan. Haka mahaifiyar Muhammad Nur ta ji yadda ɗanta ya rasu, a wayar maƙwabciya. An ce ta daina cin abinci. Na kira Yaya, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ai da kin tambaye ni." Ya daina fita majalisa.

Yanzu malamin yana so a kai littafin wani baje koli a Kano. Abin da ya fi ba ni kunya, Anti, raina yana so. In ƙona shi ne? In bar karatun?

Ɗaliba daga Babura

'Yata, na ji ki, kuma ba zan ɓoye miki ba: kin yi kuskure. Hannunki ne ya ɗinka littafin, amma labarin na Lauwali ne da na wata uwa, amana aka ba ki. Ban ga mugunta a ciki ba. Abin ya yi miki nauyi, kin sauke shi ta hanyar da kika iya. Son a ga aikinki kuwa ba laifi ba ne, kowane mai sana'a yana da shi.

Ki gaya wa malaminki ba za a kai shi Kano ba, ki faɗa masa dalili. Ki nemi wanda ya ɗauki bidiyon ya cire, ko da ya riga ya yaɗu. Sannan ki shiga mota ki je gida, waya ba za ta yi wannan aikin ba. Ki durƙusa ki miƙa wa yayanki littafin, ki ba shi haƙuri, kada ki kawo hujja ko ɗaya. In ya ce a ajiye, a ajiye. In ya ce a ƙona, nasa ne. Kada ke ki ƙona shi don ki huta da kunya.

Wajen mahaifiyar marigayin, kada ki je ke kaɗai, ki sa mahaifiyarki gaba. Lauwali ma yana da bayanin da zai yi mata, ya ɓoye ne don tausayi, amma uwa ce, tana iya son jin kalmar ɗanta ta ƙarshe daga bakin wanda ya riƙe shi. In ta ƙi kallonki, ki jure, ki sake komawa.

Karatu kam kada ki bari. Ki dai riƙa tambaya kafin ki sa almakashi a kayan wani. Allah Ya jiƙan Muhammad Nur, Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsa, Ya daidaita ki da yayanki, Ya sa wa hannunki albarka.

Anti Saude