Inda Ɓawon Gyaɗa Ya Tsaya

Mansur, Makka
7 ga Rajab

Zuwa ga 'yata Rumasa'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ya kuma sanyin garinku. Mu nan sai godiya. Ummanki Khairiyya ce za ta ɗauki hoton takardar nan da jawwal ɗinta, wato wayar hannu, ta turo miki, tunda kunnena ya ƙi waya. Ƙarar injin zuƙar ruwa ta cinye shi, yanzu sai dai in ga bakin mutum yana motsi in ce na'am.

Jiya an yi ruwa a Makka. Bai fi rabin awa ba, amma titinmu ya koma kogi, har farantin Asma mai gyaɗa ya bi ruwa. Ina tsaye a taga hannuna yana ƙaiƙayi, don na san daidai inda lambatun ya cushe.

Ina cikin wannan Ummanki ta miƙo mini hoton da kika turo. Na sa tabarau na duba. Ga ki nan da takalmin roba har gwiwa, riƙe da shebur, kina ta dariya kina ɗura ƙasa cikin lambatu. Na tambaye ta, ta rubuta mini a tafin hannu cewa wai aikin da jami'a ta tura ki yi ke nan a arewacin Sikotilan. Toshe lambatu.

Rumasa'u, shekara talatin da ɗaya na yi ina buɗe lambatu a garin nan. Da shi na ciyar da ke. Ni na ɗauka karatun tsuntsaye da ciyayi kika tafi. Ba zan ce kin manta abin da ruwa ya yi mana ba, don kina goye a bayan Ummanki ranar da ambaliya ta tafi da yayarki Sa'adiya, tana 'yar shekara bakwai. Lambatu ɗaya ne ya toshe a saman unguwa. Ɗaya tak.

Ban sa wa wannan aiki albarka ba. Ki tattara ki dawo kafin azumi. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba, amma kewarki ta fi ɓacin ran yawa.

Allah ya tsare ki.
Mahaifinki,
Tsoho

*

Arewacin Sikotilan
12 ga Rajab

Babana abin ƙaunata,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Umma. Na karanta takardarka sau uku, na ukun da kuka. Idan ka karanta tawa ka sake cewa in dawo, wallahi zan dawo. Amma ka bari in faɗa maka inda nake tukuna.

Baba, nan ba gari ba ne. Fadama ce a kan tudu, ba gida ba bishiya, iya ganinka. In ka taka ƙasar sai ta lotsa ta dawo kamar katifa. Ba ƙasa ba ce irin tamu, gansakuka ce da ta mutu ta taru a kan 'yar uwarta, ba ta ruɓe ba saboda kullum tana cikin ruwa. A shekara ba ta ƙaruwa fiye da kaurin farce, amma inda nake aiki zurfinta ya fi tsayin mutum biyu. Tana shan ruwan sama ta riƙe, sannan ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan.

Tun kafin a haifi Umma aka yayyanka ta da lambatu don ta bushe tumaki su samu ciyawa. Ciyawar ba ta zo yadda aka zata ba, ruwan kuwa ya tafi. Gansakukar ta mutu, baƙar ƙasar tana tsagewa iska tana kwasa. Akwai wata 'yar ciyawa ja mai kama ƙuda da danƙon ganyenta, an ce a da ko'ina take, ni sai da na yi mako biyu kafin na ga ɗaya. Kuma yanzu in an yi ruwa, lambatun nan ne ke kwasarsa gaba ɗaya su juye wa ƙauyen da ke ƙasa. A nan, Baba, buɗaɗɗen lambatu shi ke kawo ambaliya.

Akwai wata tsuntsuwa mai dogon baki lanƙwasasshe, a ƙasa take ƙwai. Mai gonar, wani tsoho mai tumaki, ya ce yana yaro kukansu har hana mutum hira yake. Bara ma'aurata biyu kawai suka zo. 'Ya'yansu ba sa tashi sai sun yi fiye da wata, da ƙafa suke bin uwar neman ƙwari. In suka zo lambatu sai su faɗa, bangon a miƙe yake, ba su iya hawowa. Na tsinci gawar uku da hannuna a wuri ɗaya. Ban faɗa wa kowa ba, amma Yaya Sa'adiya na tuna, ita da ban sani ba sai a hoto.

Sai dai kada ka damu da yawa, 'yarka ba ta iya toshiyar ba ma. Mai gonar ya ba mu lambatu ɗaya, mai gangara, inda mota ba ta shiga. Ya ce in ruwa ya tsaya a cikinsa zai bar mu mu yi sauran, in bai tsaya ba mu kama gabanmu. Sau uku muna gina datsi, manya guda uku, a inda taswira ta nuna. Sau uku ruwa yana cin gefensu ya wuce. Ƙarshen azumi kuma dole a ajiye shebur, don lokacin tsuntsayen ke dawowa yin ƙwai.

Ina jiran maganarka.

'Yarka mai biyayya,
Rumasa'u

*

Mansur, Makka
20 ga Rajab

Rumasa'u,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kin warke daga murar da Ummanki ta ce kina yi. Ki riƙa rufe kanki.

Ban ce na yarda ba. Amma na sa Ummanki ta buɗe mini hotunan datsin naku ta ƙara musu girma, kuma wallahi kunya ta kama ni. Wa ya koya muku wannan? Ku da digiri, kun tsaya a gaban ruwa mai gangarowa kun gina masa katanga kamar ɓarawo ne. A duk shekarun da na yi, ban taɓa ganin lambatun da babban abu ɗaya ya toshe ba. Leda ce, da tsinke, da silifa ɗaya, su taru a inda ruwa ya gaji. Taswira ba ta san inda ruwa ke gajiya ba.

Ga yadda za ki yi. Na sa an auno gyaɗa mai ɓawo mudu biyu wurin Asma, wani ɗan umara mai komawa wajenku zai sa miki a gidan waya. Ku ci gyaɗar, ki tara ɓawon. Ki zaɓi ranar da ruwa ke tafiya sosai, ki je can saman lambatun ki watsa cikin hannu ɗaya, sannan ki bi shi da ƙafa. Kada ki yi sauri, kada ki yi hira. Duk inda kika ga ɓawon ya tsaya yana juyi, kafa sanda. A nan ruwa yake son ya huta, ke taya shi kawai za ki yi.

Datsin ya zama ƙanana, da yawa, ruwan na ƙasa ya riƙa taɓa gindin na sama. Ki shigar da kowanne cikin bango kamu ɗaya hagu da dama, don ta gefe ruwa ke sata. Ki bar masa 'yar hanya a saman gefe ɗaya ya malala cikin fili. In kika hana shi hanya gaba ɗaya, zai nemi tasa, kuma ba za ki so ta ba.

Maganar dawowa na ɗaga ta zuwa bayan ƙaramar salla. Ba don komai ba, don kada a ce 'yar Tsoho ta kasa da lambatu.

Mahaifinki,
Tsoho

Ya binti, Ummanki ce. Babanki ya tafi masallaci, shi ya sa na ƙara wannan a bayan takardar. Kin ga mutumin da ya ce bai yarda ba? Kwana uku yana zuba mini ruwa a tiren shayi, yana jera ƙwallon dabino yana karkata shi, duk ya jiƙa mini kafet. Na yi magana ya nuna kunnensa. In maganar abinci ce kuwa yana ji sarai.

Amma akwai abin da ya kamata ki sani, don kada ki ɗauki gyaɗar nan da wasa. Ba a wurin aiki ya koyi wannan ba. Ranar da ruwa ya tafi da Sa'adiya, maza sun bazu suna nema har la'asar ba a gan ta ba. Na aike ta sayen gyaɗa ne, ƙullin yana nan a bakin ƙofa inda ya faɗi. Babanki ya ɗauka ya ɓare, ya watsa ɓawon daidai inda aka ce ta zame, ya bi shi shi kaɗai har kusa da unguwar Kudai. Inda ɓawon ya tsaya, a nan ya same ta. Daga ranar ya riƙa yin haka a kowane lambatu kafin damina, yana share wurin tun bai cushe ba. Abokan aikinsa sun yi ta yi masa dariya bai taɓa faɗa musu dalili ba. Gyaɗa kuwa bai ƙara sa ta a baki ba.

Kada ki ce na faɗa. Ki ci abinci, kin rame a hoto.

*

Arewacin Sikotilan
24 ga Ramadan

Babana,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibada. Umma tana ba ka labari a guntu-guntu, ga shi nan a haɗe.

Gyaɗa ta iso. Abokan aikina sun cinye ta cikin kwana biyu, suna tambaya ko babana yana da saura. Da na ce ɓawon nake so, malaminmu ya dube ni ya dubi taswirarsa, sannan ya biyo ni. Na yi bisimilla na watsa. Ban yi sauri ba, ban yi hira ba. Ya tsaya a wuri goma sha ɗaya, Baba, kuma ko ɗaya bai faɗa kan inda muka gina a da ba. Wuri na huɗu ne ya fi tara shi, wata 'yar kwana da ido ba ya ma lura da ita. A nan na tsinci 'yan tsakin bara.

Mun gina sha ɗayan da hannu, yadda ka ce. Makon jiya aka kwana uku ana ruwa ba ɗagawa. Datsi na tara ya ɓalle, laifina ne, ban shigar da shi bango sosai ba don hannuna ya ƙage da sanyi. Na gyara. Goman suna nan daram, ruwa ya cika lambatun har baki ya malala cikin fili. Mai gonar ya zo ya tsaya ya daɗe, ya caka sandarsa a ƙasa ya zaro ta a jiƙe. Ya ce mu yi sauran in kaka ta yi.

Shekaranjiya na ji kukan tsuntsuwar. Mun ajiye shebur.

Ƙaramar salla ta kusa, ban manta ba. Ina roƙon ka ƙara mini zuwa babba, in ga ƙyanƙyasa. In ka ce a'a, jakata a ɗaure take.

'Yarka,
Rumasa'u

*

Arewacin Sikotilan
8 ga Zulhajji

Babana,

Assalamu alaikum. Na san yau Makka ba masaka tsinke, Allah ya ba alhazai sauƙi. Ba ka amsa takardata ba. Umma ta ce da ta nuna maka sai ka ce tabaranka ya ɓata, alhali yana kan hancinka. Na ɗauki wannan a matsayin izini, in na yi kuskure ka yafe mini.

Yau da hantsi ina kwance a ciyawa da madubin hangen nesa, sai ga uwar ta fito da 'ya'ya huɗu, ƙafafu kamar tsinken tsintsiya. Ta nufi lambatun, daidai datsi na huɗu. Na bi su da madubin. Ciyawa ta riga ta rufe saman datsin, gansakuka sabuwa ta fara kama bakin ruwan. Uku suka bi ta kai suka haye. Na huɗun, mai rawar kai, ya faɗa ruwa. Ya yi 'yan iyo, ya taka gefe ya fito, don yanzu ruwan daidai yake da ƙasa, babu bangon da zai hana shi. Ya girgije ya bi 'yan uwansa. Ɓawon gyaɗarka guda biyu suna nan maƙale a wurin, na bar su.

Baba, Umma ta faɗa mini asalin ɓawon gyaɗar nan. Kada ka yi mata faɗa. Ina son ka, kuma ina neman albarkarka a kan aikin nan, don ban iya ci gaba in babu ita.

'Yarka,
Rumasa'u

*

Mansur, Makka
11 ga Zulhajji

'Yata Rumasa'u,

Wa alaikis salam. Barka da salla.

Na ga hoton. Na ƙirga su da yatsa, huɗu ne. Shekara ashirin da huɗu ina bin ɓawon nan, ban taɓa zaton akwai ranar da za a je inda ya tsaya a tarar da mai rai ba.

Ki zauna ki toshe sauran. Allah ya yi miki albarka, ke da aikinki.

Na aiki Ummanki wurin Asma. Mudu uku na ce ta auno, biyu naki. Ɗayan a nan zai zauna, ni zan ci, in tara miki ɓawon.

Mahaifinki,
Tsoho