Bangon da Alhaji ya cire

Assalamu alaikum. Da na yi shiru ranar nan, da yanzu ina barci kamar kowa? Har yau ban sami amsa ba. Don Allah ku ɓoye sunana, kuma ku ji ni kafin ku zage ni. Ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke rubuta mini, ina faɗa ina kuka.

Ɗanmu malamin jami'a ne a nan Kuala Lumpur, shi ya ɗauko mu ni da mahaifinsa. Alhaji magini ne, ya sayar da filayensa na Kano, suka sayi tsohon fulat, wato sashe a gidan bene mai hawa da yawa, a unguwar Wangsa Maju da sunan yaron, don a gyara a ba ɗalibai haya. Yaron ya ce, "Baba, a nan ba a taɓa gini sai ɗan kwangila mai lasisi." Alhaji ya yarda, har ya fara tambayar yadda shi ma zai samu. Ni ce na hana. Na ce, "Haba Alhaji, da furfurarka za ka je neman takarda? Gidajen da ka gina a Kano, takarda ce ta riƙe su?" Kunya ta kama shi. Ya fasa bangon da ke tsakanin kicin da falo da hannunsa, ya fitar da ƙarin ɗaki, muka ce wa yaron mai lasisi ne ya yi.

Sai korona ta zo, ta tafi da Alhaji. Ko gawarsa ban taɓa ba.

Yanzu 'yan mata huɗu ke ciki, an kulle gari, ba sa fita. Jiya ɗayarsu ta bugo mini: "Mama, silin ɗinmu ya tsage, ƙasa na zubo mana a abinci." Na ce fenti ne. Ni da 'ya'yan mutane! Idan na faɗa, a kan ɗana hukumar ginin za ta sauka, aikinsa da bizarsa na iya tafiya. Idan na yi shiru, wa zai tare musu sama? Me zan yi?

Kafin Alhaji ya rasu, daga asibiti, ta waya, numfashinsa na sarƙewa, ya ce mini: "Hajiya, bangon nan shi ke ɗauke da na sama. Ki fitar da yaran nan."